Ya ce in kawo dubu 150 kafin Juma'a, sannan rancen ya fito

Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne a Kaduna, shekarata 39, da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Ina da shagon kayan masarufi a unguwarmu. A 2022 na karɓi rancen naira dubu 400 a wani ƙaramin banki don in ƙara jari. Ina biya duk wata ba fashi, har aka shiga canjin kuɗi a farkon 2023 ciniki ya tsaya cak, daga baya aka cire tallafin mai, kaya suka yi tashin gwauron zabi. Na kasa ci gaba da biya. Saura dubu 170 ake bi na, kuma kunya ta sa na daina ɗaga wayarsu. Bana na nemi rance a wuri biyu, duka suka ce sunana yana da matsala.

Yayan matata ne ya haɗa ni da wani mutum, ya ce ejan ne, yana da hanya a banki, zai samo mini miliyan 2 ko da sunana ya ɓaci. Na ba shi dubu 45 kuɗin fom. Sai ya dawo ya ce BVN ɗina yana da datti, sai an wanke, na ƙara dubu 80. Ya turo mini takarda ta WhatsApp mai tambarin banki cewa an amince da rancen. Yanzu ya ce saura dubu 150 kuɗin inshora, in ban biya kafin Juma'a ba za a ba wani gurbina, abin da na biya a baya kuma ya bi ruwa. Ya ce in ina son abin ya yi sauri, in kawo BVN ɗin matata a tura kuɗin ta asusunta. Ita kuma ta ce za ta sayar da 'yan kunnen gwal ɗin da ta gada wurin mahaifiyarta. Zuciyata ba ta kwanta ba, amma ina tsoron in ja da baya in yi asarar dubu 125, kuma ina jin nauyin yayanta. Me ka gani?

Mai shago, Kaduna

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tunda Juma'a ta kusa, bari in fara da abin da ba ya jira. Kada ka ba mutumin nan ko sisi. Kada 'yan kunnen nan su bar ɗakin matarka, kuma kada lambar BVN ɗinta ta shiga wayar kowa. Rashin kwanciyar da zuciyarka ta yi gaskiya take gaya maka, domin duk abin da ka lissafa a wasiƙarka, daga kuɗin fom har zuwa wa'adin Juma'a, tsarin damfara ne da aka daɗe ana yi wa mutane, taki bayan taki.

Ban faɗi haka don in ƙara maka nauyi ba. Duk wanda ya riƙe shago a watannin farko na 2023 ya san abin da ka gani: mai saye ya zo ba tsabar kuɗi a hannunsa, ya tura ta waya alat ya ƙi shigowa, mai POS yana yankar rabonsa, kai kuma ga dila yana jiran nasa. Ba a gama farfaɗowa ba, ranar 29 ga Mayu aka ce tallafin mai ya tafi, kuɗin dakon kaya ya ninka. Mutane da yawa masu riƙon amana sun faɗa bashi a wannan shekarar, kuma bashi hanji ne, yana cikin kowa. Masu damfara sun san da wannan sarai. Ba sa ɓata lokaci kan wanda banki ke maraba da shi, wanda aka rufe wa ƙofa sau biyu suke nema, domin shi ne zai ji kalmar «ko da sunanka ya ɓaci» ta yi masa daɗi kamar ruwan sanyi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kai buƙata ce ta tsaga naka bangon, kuma mutumin ya shigo ta hannun wanda kake girmamawa. Wannan ba wauta ba ce, abu ne da zai iya faɗa wa kowa.

Bari mu dubi kuɗaɗen da ya karɓa ɗaya bayan ɗaya. Gaskiya ne banki yana da cajin da yake yi a kan rance, amma yana da iyaka kuma yana da hanya. A jadawalin caje-cajen da Babban Bankin Najeriya, CBN, ya fitar wanda ya fara aiki a Janairun 2020, kuɗin gudanar da rance ba ya wuce kashi 1 cikin 100 na abin da aka ba ka, kuma sau ɗaya ake karɓa. A kan miliyan 2, naira dubu 20 ke nan. Akwai rancen da ake haɗa shi da inshora, wannan ma gaskiya ne, sai dai ana rubuta ta ne a takardar tayin rance da za ka karanta ka sa wa hannu, banki ya cire daga kuɗin ko daga asusunka da ke wurinsa. Mutuminka ya riga ya karɓi dubu 125, fiye da ninki shida na waccan dubu 20, alhali ko kwabo bai shigo maka ba. Ka ɗauko wayarka yanzu ka buɗe rasit ɗin kuɗin da ka tura masa, ka duba layin da aka rubuta sunan mai karɓa. In ka ga sunan mutum ne, nasa ko na wani da ba ka ma sani ba, to ka ga amsarka da idonka. Banki ba ya karɓar kuɗin fom ko na inshora ta asusun wani bawan Allah.

Maganar wanke BVN ita ce ta fi ɓata mini rai, domin ƙarya ce tsagwaronta da aka gina a kan abin da mutane ba su sani ba. BVN lamba ce mai alƙaluma 11 da CBN da bankuna suka ɓullo da ita a Fabrairun 2014 don a tantance wane ne mai asusu. Ba ta ɗaukar datti, ba a kuma wanke ta. Akwai jerin lambobin da bankuna ke sa wa ido, amma na waɗanda aka tabbatar sun yi zamba ne, wanda ya kasa biyan bashi ba ya ciki. Abin da wuraren nan biyu suka gani da suka ce sunanka yana da matsala, tarihin bashinka ne, wanda ke ajiye a kamfanoni uku masu lasisin CBN: CRC Credit Bureau, FirstCentral Credit Bureau da CreditRegistry. Bankin da ya ba ka rance shi ke aika musu bayani, cewa wane ya ci kaza, ya biya kaza, saura kaza. In an yi kuskure a bayanin kana da haƙƙin ka kai ƙorafi a gyara. In kuwa bayanin gaskiya ne, kamar naka, babu ejan, babu manaja, babu mai hanya da zai goge shi. Abin da ke canza shi kawai shi ne a biya, bankin ya aika cewa an biya. Kuma dokar da ta tsara aikin waɗannan kamfanoni, ta 2017, ta ba ka damar karɓar rahoton kanka kyauta sau ɗaya a shekara. Wato abin da aka karɓi dubu 80 a kansa da sunan za a wanke, kana iya ganinsa da kanka ba tare da ka biya kowa ba.

Ga wata tambaya da nake so ka yi wa kanka, ba sai ka yi masa ba. Bankin da ya yarda ya damƙa maka miliyan 2, me zai hana shi cire dubu 150 daga ciki ya miƙo maka sauran? Wanda yake da miliyan 2 a hannu ba ya jiran matar mai shago ta sayar da ɗan kunne kafin ya motsa. Takardar da ya turo maka kuwa, yaron da ya iya waya zai haɗa irinta kafin shayi ya huce, tambarin kowane banki yana nan a intanet. In kana son ka kashe shakkar da ta rage, zuwa da kai ya fi aike. Ka je reshen bankin da sunansa ke kan takardar, ka wuce teburin kula da abokan hulɗa, ka nuna musu wayar ka ce, «Wannan takardar daga wurinku ta fito? Akwai buƙatar rance da sunana a nan?» Minti goma ba za ka yi ba. Wa'adin Juma'a kuma an sa shi ne don kada ka samu sararin yin wannan tafiyar, kada ka yi shawara da kowa. Ai ka ga ko wasiƙar nan da ka rubuto mini ba ta cikin lissafinsa.

Na san abin da ke riƙe da kai: dubu 125 ɗin da suka riga suka fita. Zuciya tana raya maka cewa in ka ƙara wannan ɗaya, wataƙila komai ya dawo. Ɗan'uwa, in gaya maka gaskiya ko da ɗaci, kuɗin nan da wuya su dawo, kuma ƙara wasu a kai ba zai jawo su ba. Haka abin yake tafiya kullum. In ka biya inshora, ranar Litinin za a ce haraji ya taso. In ka biya haraji, a ce manajan da zai sa hannu yana son nasa. Kowane biya ana ce maka shi ne na ƙarshe, kuma kowane biya yana ƙara maka wuyar juyawa, har ranar da suka ga ba sauran abin tatsa, wayar ta daina shiga. Tsoron asarar da kake ji, shi ne igiyar da yake jan ka da ita, kuma da gangan ya ce maka abin da ka biya zai bi ruwa.

Yanzu ka ɗauki biro mu yi lissafin da na tabbata ba ka yi ba, domin damuwa ba ta barin mutum ya zauna ya yi shi. Dubu 45 da dubu 80 da dubu 150, jimla dubu 275. Bashin da ya ɓata maka suna dubu 170 ne. Da kuɗin da ka riga ka ba mutumin nan tsohon bankinka ka kai, da saura dubu 45 kacal ake bin ka a kan lissafin da ka ba ni. Ban kawo wannan don ka ciji yatsa ba. Na kawo ne don ka ga cewa matsalarka ba ta kai girman da take yi maka a ido ba. Mutumin da ya iya haɗa dubu 125 cikin 'yan makonni, zai iya biyan dubu 170 cikin 'yan watanni. Ƙofar da kake zagayawa kana neman ta baya, makullinta yana wurin waɗanda ka daina ɗaga wa waya.

Su ma kuwa suna da haƙƙi a kanka, dole in faɗa. Sun ba ka kuɗi a lokacin da kake buƙata, kuma kuɗin wasu masu ajiya ne irinka. Kasa biya ba laifi ba ne in mutum ya shiga ƙunci, Alƙur'ani ma ya yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin matsi har ya samu sauƙi. Amma ɓuya ita ce ke mai da mai uzuri ya zama kamar mai gudu. Ka shirya ka je da ƙafarka, da safe, kafin layi ya yi tsawo. Ka nemi jami'in da ke kula da rancenka ka ce masa, «Na zo ne a kan bashina. Ban gudu ba, kasuwa ce ta karye. Ina so in biya, ga abin da zan iya duk wata.» Ka fara da neman cikakken bayanin asusun rancen a rubuce, domin tun 2023 zuwa yau akwai yiwuwar kuɗin ruwa da tarar jinkiri sun hau, dubu 170 ɗin ta ƙaru. Kada adadin da za ka gani ya firgita ka. Ka roƙi a yafe tarar ko a rage ta, ka nemi a sake tsara biyan daidai ƙarfinka. Bankuna suna yin haka, domin bashin da ake biya kaɗan-kaɗan ya fi musu wanda ya mutu. In kana da wani abu a hannu, ko dubu 20 ce, ka ajiye a ranar, ta fi dogon bayani. Duk abin da kuka daidaita a kai a rubuta, kuma ka riƙa zuba kuɗin a asusun rancen kai tsaye kana karɓar rasit, kada ka danƙa wa wani ma'aikaci a hannu komai kirkinsa.

Kada ka yi alkawarin abin da shagon ba zai ɗauka ba don kunya. Gara ka ce dubu 15 duk wata ka cika, da ka ce dubu 40 ka sake ɓacewa a wata na biyu. Ranar da ka gama, ka karɓi takardar shaidar cewa ba sa bin ka komai, ka nemi su sanar da kamfanonin ajiye tarihin bashi, bayan 'yan makonni kuma ka karɓi rahotonka ka tabbatar an gyara. Tarihin jinkirin ba zai ɓace nan take ba, amma mai duba takardarka zai ga mutum ne da ya faɗi ya tashi ya sauke nauyi, kuma wannan yana da daraja a idon mai ba da rance. In ka biya suka ƙi gyarawa, ka rubuta musu ƙorafi, in mako biyu ya wuce ba su warware ba ka kai sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na CBN.

Akwai wani abu kuma da ya kamata ka sani, wanda shi ne ya sa shawarar a bi ta asusun matarka za ta iya yi wa mutum kama da dabara. Tun 1 ga Agustan 2020 akwai tsarin da ake kira GSI, wanda ya ba bankin da ke bin mutum bashi damar cire kuɗinsa daga asusun mutumin a wasu bankuna, muddin ya sa hannu a kan yarjejeniyar lokacin karɓar rancen. Ka duba takardunka na 2022 ka gani ko ka sa. Masu damfara suna amfani da wannan tsoron su ce a kawo asusun mata ko na ɗa. Amma ka yi tunanin abin da za ka miƙa. Da BVN ɗinta, da ranar haihuwarta, da lambar wayarta, saura kawai ya kira ya ce an turo wasu lambobi a karanto masa. Da wannan zai iya cin bashi da sunanta a manhajojin rance, ko ya kwashe abin da ke asusunta, ko ya riƙa bi da kuɗin wasu da ya damfara ta cikinsa. Ranar da aka biyo sawu, sunanta za a gani. A gidanku yanzu suna ɗaya ne ya samu tabo, kuma mai warkewa ne. Ka tsare ɗayan. Kai ma in ka taɓa ba shi lambar katinka, ko lambar sirri, ko ka karanta masa wasu lambobi da aka turo maka, ka je bankinka gobe a canza komai.

Matarka ta yi abin da ba kowace mace za ta yi ba, ka riƙe mata wannan har abada. Amma gwal ɗin nan dukiyarta ce, gadon mahaifiyarta ne, kuma ga mace irin wannan ajiya ita ce garkuwar ranar da ba a fata, ranar asibiti ko ranar aurar da 'ya. Ta yi tayin ne domin ta ɗauka rancen gaskiya ne. Ka zaunar da ita yau da dare bayan yara sun kwanta, ka gaya mata komai, har da adadin da ya tafi. Ka gode mata, ka ce ta mayar da 'yan kunnenta inda take ajiye su. Zan ƙara da cewa ko don biyan tsohon bashin ma ban so a taɓa su ba, tunda akwai hanyar biya a hankali. In har wata rana ita da kanta ta ga dama ta taimaka, to ya zama rance ne tsakaninku, a rubuce, ka mayar mata.

Sai yayanta. A nan nake so ka taka a hankali, domin kuɗi suna tafiya su dawo, amma zumuncin da aure ya ƙulla in ya yage ɗinkinsa da wuya. Mafi yawan masu haɗa mutum da irin waɗannan ejan-ejan da kyakkyawar niyya suke yi. Wani ya ji labari ne a majalisa, wani kuma shi ma ya biya nasa kuɗin fom ɗin yana zaman jira, bai san an yi masa ba. Akwai kuma wanda ake ba ɗan wani abu a kan duk mutumin da ya kawo, ba tare da ya san ƙarshen abin ba. Ba ka san wanne ne nasa ba, don haka kada ka je da zargi. Ka same shi shi kaɗai, ba a gaban ƙanwarsa ba, kuma kada ka aike ta. Ka ce, «Yaya, maganar mutumin nan ce ta kawo ni. Na je banki na tambaya, ga abin da suka ce. A ina ka san shi? Akwai wanda ka sani da rancen ya shiga hannunsa, ka gani da idonka?» Sannan ka yi shiru ka saurara. In shi ma an cuce shi ne, ka cece shi, ka kuma ceci waɗanda zai kai nan gaba, kuma ku biyu kun fi ƙarfin bin sawun kuɗin. In ya san gidan mutumin ko danginsa, wataƙila ta hanyar manya ko mai unguwa a samu wani abu ya dawo. In kuwa ya hau faɗa yana cewa ka biya kawai, kada ka biye masa. Ka ce ka gode da ƙoƙarinsa, amma ka yanke shawarar fara biyan tsohon bashinka. Jin nauyin suruki abu ne mai kyau, sai dai bai kai a sayar da gadon ƙanwarsa a kansa ba.

Shi kuma ejan ɗin, kafin ya gane ka farga, ka tattara shaida. Ka ɗauki hoton duk hirarku ta WhatsApp, da saƙonnin murya, da takardar amincewar, da rasit biyun, da lambar asusun da ka tura wa kuɗi, ka aika wa wani amintacce ya ajiye maka. Ka kai ƙorafi bankinka a rubuce cewa an karɓi kuɗinka ta hanyar yaudara, su tuntuɓi bankin da ya karɓa. Ka kai rahoto wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC na Kaduna, kuma EFCC ba ta karɓar kuɗi kafin ta karɓi ƙorafi. Abin da ya yi laifi ne babba: dokar 2006 kan karɓar dukiya ta hanyar yaudara ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba, har zuwa 20. Ba na yi maka alkawarin kuɗinka za su dawo, amma rahotonka na iya zama sanadin rufe asusun da ake cutar wasu da shi. Ka kuma kula, bayan irin wannan sau da yawa wani yakan ɓullo ya ce zai ƙwato maka kuɗinka in ka ba shi na mota ko na lauya. Yawanci kashi na biyu ne na wasan.

Don kada in yi wa masu gaskiya kuɗin goro, akwai ma'aikatan bankuna da ke zagaya kasuwanni suna neman masu karɓar rance, kuma aikinsu halal ne. Bambancin a bayyane yake. Banki ne ke biyansu, suna da katin aiki, suna kai ka reshe, suna zuwa su ga shagonka su duba littafin cinikinka, kuma ba za su taɓa ce maka tabbas za a ba ka ba kafin a duba tarihinka. Sunan bankin kuma za ka same shi a jerin masu lasisi a shafin CBN.

Tambaya ta ƙarshe da zan yi maka, don Allah ka amsa wa kanka da gaskiya: shagon nan miliyan 2 yake buƙata, ko kuwa mutumin ne ya ambaci adadin ya zauna maka a rai? Shagon da biyan rancen dubu 400 ya yi masa nauyi, ɗora masa ninki biyar ba taimako ba ne. Abin da kake buƙata kaya ne a kan kanta, kuma kaya suna da hanyoyin da ba sa bi ta banki. Dilolin da ka shekara kana sari a wurinsu a kasuwar Sheikh Gumi ko a Singa ta Kano sun san fuskarka. Ka samu ɗaya ko biyu da kuka fi sabawa, ka nemi katan biyar na taliya, buhun sukari, jarkar mai, ka sayar ka kawo kuɗi ranar da ka ce, ko da kwana ɗaya kada ka ƙara. Wanda ya cika sau uku, a na huɗu dila da kansa yake ƙara masa. Ka shiga adashe da mutanen da ka san gidajensu, ka roƙi ɗauka ta kusa, ko ƙungiyar gama kai ta 'yan kasuwar unguwarku in akwai. In wani ɗan'uwa zai ranta maka, ku rubuta da shaidu kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta koyar, domin rubutun shi ke tsare zumuncin. Idan ka sauke tsohon bashin kuma kana son kauce wa kuɗin ruwa, akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJBank da ya biyo baya a 2019, masu tsarin murabaha, inda banki ke sayen kaya ya sayar maka da ribar da kuka amince. Su ma suna duba tarihin bashi, shi ya sa biyan tsohon ya zama farko. Manhajojin rance na waya kuwa, ina roƙonka ka nisance su a wannan halin. Wa'adinsu gajere ne, ruwansu mai yawa, kuma duk wadda ba ta cikin jerin da hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasa, FCCPC, ta amince da su, ko kallonta kada ka yi.

Ranar Juma'a zai kira, wataƙila tun kafin a tafi masallaci. Zai yi lallashi, in bai ci ba ya yi fushi, ya ce ka ba shi kunya a wurin manya, ƙila ma ya rage ya ce kawo dubu 70 shi zai cika sauran. Ba sai ka yi musu da shi ba. Ka ce masa, «In an amince da rancen, a cire dubu 150 ɗin a ciki a turo mini sauran,» ka kashe wayarka. Kafin ranar ka riga ka je reshen bankin da takardarsa, ka yi magana da matarka, ka ga yayanta. Ranar Litinin da safe kuma ka nufi tsohon bankinka da ɗan abin da ya samu a aljihu. In ka karɓo bayanin asusun rancen ka ga wani caji da ba ka gane ba, ka sake rubuto mini da adadin, mu duba shi tare. Allah ya yaye maka, ya sa albarka a shagon, ka gaida mai ɗakinka da yara.